WAI JERE MA SAI AN JE JAMI'A?

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiyarmu ta gabatar a taron shekara-shekara. Ta karanta ilimin zanen gine-gine a Zariya, yanzu kuma tana aikin tsara cikin gidaje da ofisoshi a nan Abuja. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, saboda amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah Ya gafarta Malam Liman, mai girma Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena da suka zo daga Karmo da Gwagwa da Dei-Dei da Zuba da Mpape da sauran unguwanni, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan haka, ina godiya da aka ba ni wannan dama, ni da nake ƙaramar 'yarku. Da yawa daga cikinku kun san ni tun ina tallar gyaɗa a bakin masallaci, saboda haka in na yi kuskure a gyara mini.

Abin da ya tsayar da ni a gabanku shi ne wata magana da ta taso a watan jiya, lokacin da Kwamitin Ilimi ya zauna duba takardun yaran da ke neman tallafin asusun karatu. Biyu daga cikinsu, mace da namiji, sun rubuta cewa suna son karanta ilimin tsara cikin gini. Aka ajiye takardunsu a gefe. Wani babanmu da nake ganin girmansa ƙwarai ya tambaya ya ce, "Wai jere ma sai an je jami'a?" Aka yi dariya. Ni ma da labarin ya zo mini na yi dariya, domin kusan irin tambayar da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi mini ke nan. Tambaya ce ta gaskiya, kuma mai ba da kuɗinsa yana da haƙƙin a ba shi amsa. To, amsar nake so in bayar yau, ta hanyar gaya muku yadda ɗalibin wannan fanni yake rayuwa a makaranta, da abin da yake yi dare da rana.

MENE NE WANNAN KARATU?

Kun san mai zanen gini shi ke fitar da siffar gida, injiniya ya tabbatar ginin ba zai faɗi ba, magini ya ɗora bulo. Mai tsara cikin gini kuwa aikinsa shi ne yadda ɗan Adam zai zauna a ciki. Ta ina ƙofa za ta buɗe? Ina haske zai shigo, ina iska za ta fita? Ina za a sa soket, wane irin daɓe za a yi wanda tsoho ba zai zame a kansa ba? In gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye, ta ina mutane za su bi? Zaɓen labule da launin fenti yana ciki, amma shi ne na ƙarshe. Kuma aikin bai tsaya ga gidaje ba, ya haɗa da asibiti da aji da banki da otal da masallaci.

A ƙasar nan an fara koyar da zanen gine-gine a Ibadan a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, daga baya ya zama sashe a Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A can Samaru, tsangaya ɗaya ta haɗa masu zanen gini da masu zane-zane da masu tsara kayan masana'antu, wato masu saƙa da rini da ginin tukwane da aikin gilashi. A zamaninmu ta ƙofar zanen gini ake shiga, sai mutum ya karkata ga cikin gini da kansa, kamar yadda na yi. Amma a watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ofishinta ke nan Maitama, ta fitar da sabuwar manhaja, inda ta raba ilimin zanen gini zuwa rassa, cikinsu har da tsara cikin gini da tsara kayan ɗaki, kowanne da digirinsa. Wato gwamnati da kanta ta yarda karatu ne. Sai dai kafin yaro ya cike takardar JAMB, a duba littafinsu na wannan shekarar a ga jami'ar da aka amince mata ta koyar da shi. Kuma ya riƙe Lissafi da Fiziks da Turanci da kyau tun daga sakandare.

RAYUWA A SUTUDIYO

Ɗalibin wani fanni yana zuwa lakca ya koma ɗaki ya yi haddar littafi. Namu yana zuwa lakca shi ma, amma gidansa na gaskiya wani babban ɗaki ne da ake kira sutudiyo. Kowane ɗalibi yana da teburinsa da allon zanensa, nan yake wuni, sau da yawa nan yake kwana. Za ka tarar da darduma a naɗe ƙarƙashin tebur, da kwalbar ruwa, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli a cikin leda.

A shekarar farko sai an fara karya maka girman kai. Makonni za ka yi kana jan layi da hannu ba rula, kana koyon rubuta baƙaƙe iri ɗaya kamar na injin buga takarda. Daga nan a ba ka tef ɗin awo a ce ka auna jikinka da na abokinka, tsaye da zaune da miƙe hannu, domin daga jikin mutum ake samo kowane awo na ɗaki. A nan muka san dalilin da ya sa kujera take kai kimanin santimita 45 daga ƙasa, teburin cin abinci 75, kantar kicin 90, ƙofar ɗaki kuma faɗinta santimita 90, tsayinta mita 2 da santimita 10. In aka rage ko aka ƙara, jiki ne zai biya, da ciwon baya ko da karo. Har yau in na shiga gidan mutane idona auna ƙofa yake yi kafin in gama sallama, Allah Ya yafe mini.

Bayan haka sai a ba da aiki na zango guda, misali a ce ka tsara shagon tela, ko ɗakin jira na asibitin haihuwa. Ba a fara zane sai an je an ga irin wurin, an tambayi masu aiki a ciki abin da ke damunsu. Sannan a zana bisa ma'auni, yadda santimita 1 a takarda take matsayin 50 a ƙasa. Sannan a yanka kwali da reza, a liƙa da gam, a gina ɗan ƙaramin samfurin wurin har da kujerunsa. Kusan duk wanda ya yi wannan karatu yana da tabon reza a yatsa, ga nawa nan. Yaran yanzu sun ƙara da kwamfuta, suna zane da AutoCAD da SketchUp da Revit, amma malamai ba su daina cewa a fara da fensir ba.

Ƙarshen zango shi ne abin da ɗalibai ke kira juri. Ba a rubuta wannan jarrabawa a ɓoye. Za ka manna zanenka a bango, ka ajiye samfurinka a tebur, ka tsaya gaban malamanka da wasu ƙwararru da aka gayyato daga waje, 'yan ajinku duk suna kallo, ka yi bayani, su kuma su yi ta jefo maka tambaya. Makon juri ba a barci. In an ɗauke wuta a kunna fitila mai caji a ci gaba. Wanda ya gama nasa ba ya tafiya, zai zauna ya taya na kusa da shi yankan kwali, ba ruwansa da ƙabilarsa ko addininsa. A nan na ga ma'anar hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RANAR DA NA JI KUNYA

Bari in ba ku labarin jurina na shekara ta uku, domin shi ne ya canja mini tunani. An ba mu aikin tsara gidan iyali. Ni kuma na sami wata mujallar ƙasar waje, na ga falo haɗe da kicin ba bango a tsakani, ga makeken gilashi daga sama har ƙasa. Ya burge ni, na kwafo shi kusan yadda yake, na kwana uku ina gyara samfurin. Ina ganin na gama da kowa.

Cikin baƙin da aka gayyato akwai wani dattijo mai farin gemu. Ya daɗe yana duban aikin bai ce komai ba, sannan ya ce, "'Yata, ranar suna in baƙi maza suka cika falon nan, ta ina mahaifiyarki za ta bi ta shiga kicin?" Na yi shiru. Ya ce, "In ana suyar barkono, ina hayaƙin zai tafi?" Na yi shiru. Ya ce, "Wannan gilashi da ya kalli yamma, kin taɓa zama a bayan irinsa da la'asar a watan Maris?" Wallahi ban sami amsa ko ɗaya ba. Makin da na samu da ƙyar ya tsallakar da ni, kuma gaskiyarsu ce, laifina ne. Na koma ɗaki na sha kuka.

Ba a daɗe ba aka kai mu cikin birnin Zazzau yawon buɗe ido da auna tsofaffin gine-gine. Muka shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Ƙasa ce da azara, ba siminti ba rodi, amma ga bakan gizo ya ɗauki rufi, ga zane a jikin ginshiƙai, ga sanyi a ciki alhali waje rana na ƙuna. Muka shiga wasu gidaje na gargajiya muna aunawa: zaure, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan tsakar gida. Na lura ba a taɓa sa ƙofofin su kalli juna, yadda wanda ke zaure ba zai hango matan gida ba. Nan na gane duk tambayoyin da dattijon nan ya yi mini, kakanninmu sun amsa su tun tuni. Na baro abin a gida na tafi nema a mujallar wasu.

Saboda haka, Baba, game da tambayarka, ni ban raina jere ba. Gwaggonnin da ke shiga ɗakin amarya su dubi inda gado zai zauna, su jera kwanuka da tasoshi manya a ƙasa ƙanana a sama, su bar wurin salla da wurin da baƙuwa za ta zauna, aikin tsari suke yi. Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne awo da lissafi, da sanin halin katako da ƙarfe da fenti da wayar lantarki, da dokokin gini, da iya zana abu a takarda yadda kafinta da mai wayarin da mai famfo duk za su karanta su fahimci abu ɗaya.

SAURAN AYYUKAN ƊALIBAI

Ba sutudiyo kaɗai ba ne. Ɗalibai suna da ƙungiyarsu, suna yin mako guda a shekara na baje kolin ayyukansu, inda ake gayyato tsofaffin ɗalibai su yi musu jawabi. Ana zuwa Kano a ga Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ana zuwa Jos inda aka gina kwafin tsofaffin gine-ginen ƙasar nan a harabar gidan tarihi, har da na masallacin Zazzau. Akwai kuma watanni na aikin sanin makama, wanda ake tura ɗalibi ya zauna da masu sana'a. Ni a nan Abuja na yi nawa. A kasuwar katako ta Dei-Dei na koyi bambance busasshen katako da ɗanye, wanda zai kantare bayan damina ɗaya. A wajen masu kujeru na Kugbo na ga yadda ake ɓoye mugun soso a cikin kyakkyawan yadi. Waɗanda suka koya mini wannan ba su da digiri, wasunsu ma suna zaune a wannan taro, kuma ina gode musu.

ABIN DA BA ZAN ƁOYE MUKU BA

Karatun yana cin kuɗi. Bayan kuɗin makaranta akwai takardun zane da kwali da gam da alƙaluma da kuɗin buga manyan zane, kusan kowane mako, ga kwamfuta mai ƙarfi wadda ba ta da arha. In yaronku ya bugo waya yana neman kuɗin kwali, kada ku ce yaudara ce. Yana kuma cin lokaci: digirin farko shekara 4 ne, wanda ya bi ta zanen gini kuma yakan ƙara 2 kafin ya kama hanyar rajista, ban da yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata 8.

Iyayena mata, na san abin da ke ranku, wato kwanan 'ya mace a sutudiyo. Mahaifiyata ma ta damu. Abin da muka yi shi ne, mu mata ba ma zama sai a rukuni, tare muke zuwa tare muke komawa ɗakin kwana, wani aikin kuma a ɗaki muke ƙarasa shi. Yayana ya zo da kansa ya ga wurin, hankalin gida ya kwanta. Ku ma ku je ku gani, gani ya kori ji. Tarbiyyar da yarinya ta tafi da ita daga gida ita ce ke tsare ta, da yardar Allah.

Kuma ba zan ce muku da an gama sai arziki ba. Mutanenmu da yawa suna iya biyan kuɗin kujera, amma suna ganin shawara kyauta ce. Shekarun farko akwai wuya. Sai dai sana'a ce da mutum ke iya farawa da tef da kwamfuta ba tare da jiran aikin gwamnati ba, kuma mace na iya yinta daga ɗakin aurenta. Akwai gidaje da yawa da maigida ba zai bar namiji ya shiga ɓangaren iyalinsa ya yi awo ba, ni kuwa ana buɗe mini.

ME YA SHAFE MU?

Iyayenmu sun zo wannan wuri tun ana saran daji, bayan Janar Murtala Muhammed ya ayyana shi babban birni a ranar 3 ga Fabrairu 1976, kafin gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991. Mahaifina birkila ne, ya ɗora bulo a gidajen da bai taɓa shiga ba bayan an gama su. Har gobe mu ne masu yashi da tifa da katako da gadi. Amma idan aka zo aikin ciki, inda kuɗin yake, sai a nemo mai tsari daga Legas ko ƙasar waje, masu silin da tayil kuma sau da yawa daga Kwatano da Togo. Ba hassada nake yi ba, sun koya ne suka iya. Tambayata ita ce, me ya hana 'ya'yanmu?

Sannan ku dubi ɗakunan da muke kwana. Ni a ɗaki sha biyu-sha biyu na tashi, mu bakwai, taga ɗaya. Na san tun rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 mutane suke tsoron kashe kuɗi a ginin da ba su da tabbacin zai kwana. Amma akwai gyaran da ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, kuma rai yake ceta. Taga biyu masu kallon juna suna fitar da zafi fiye da babba guda ɗaya, abin da muke buƙata a watannin bazara da sanƙarau ke yawo. Janareta a baranda kusa da taga, ko gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, hayaƙinsu yana kashe iyali cikin barci. Ƙarfen taga da aka liƙe gaba ɗaya yana hana ɓarawo shiga, yana kuma hana mai gida fita ranar gobara, shi ya sa ake so a bar guda ɗaya mai buɗewa. Soket ɗaya da aka ɗora wa firiji da hita da dutsen guga, kusa da katifa, wuta ce ke jiran lokaci. Duk wannan yana cikin abin da yaran nan biyu suke son su karanta.

In kuma ana neman misali, ba sai mun je nesa ba. Ku juya takardar naira 20, za ku ga Ladi Kwali, 'yar masu masaukinmu Gbagyi, tana ginin tukunya. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. A Jamhuriyar Nijar kuma akwai Mariam Issoufou, mai zanen gini, wadda ita da abokiyar aikinta suka mai da tsohon masallacin ƙasa na garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa, aka gama a 2018, tare da maginan garin. Wannan aiki ya sa an san sunan Dandaji a ƙasashen duniya.

ROƘONA

Na farko, ina roƙon Kwamitin Ilimi ya sake ɗauko takardun yaran nan biyu, ya auna su da ma'aunin da ya auna masu neman likita da lauya. In makinsu bai kai ba, shi ke nan. Amma kada sunan karatun ya kayar da su.

Na biyu, iyayena kafintoci da masu walda da masu fenti da teloli masu ɗinkin labule, in ɗalibi ya zo neman sanin makama ku karɓe shi, kada ku ce ɗan boko ne zai raina ku. Ku kuma ƙannena, wanda ya je ya cire girman kai ya ɗauki zarto.

Na uku, ajin Islamiyyarmu da yara ke cunkushe a ciki, allo yana ƙyalli ba a ganin rubutu, ga zafi. In Shugaba ya amince, ni zan jagoranci yaran nan biyu a hutu mai zuwa, mu auna shi, mu zana gyaran da ya kamata, mu kawo wa majalisa da lissafin kuɗinsa, ba tare da an biya mu ko kwabo ba. In kun ga aikin, sai ku yanke hukunci da kanku ko wannan karatu ne ko ba karatu ba ne.

Daga ƙarshe ina neman gafarar duk wanda maganata ta sosa wa rai, musamman babanmu da na ari tambayarsa, domin ita ce ta buɗe mana wannan ƙofa. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, Ya ƙara wa Sarki lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.